Ƙudan da mari ba ya kashewa: yadda nake raba bisashena da shi

Shekara uku ke nan da na sayo wani farin bijimi a kasuwar bisashe ta nan Maradi, bayan an gama kai amfanin gona gida. Dillalin ya ce daga wajen Dakoro aka gangaro da shi. Niyyata in turke shi wata huɗu in fitar. Na zuba mishi harawa, na jiƙa dusa da ƴar kanwa, ya sa baki yana ci, amma ƙafafunsa na baya sun ƙi zama ƙasa. Ya ɗaga ta dama ya buga, ya ɗaga ta hagu ya buga, wutsiya kuwa sai ka ce mai kaɗa mafici. Na duba kunne, na duba wuya da mara ina neman kaska, ko guda ban samu ba. Sai yarona na biyu, wanda shi ke kula da garken, ya kama wutsiyar ya ɗaga. Ga su nan jingim a gindinta, sun kai ashirin, masu ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon rawaya a baya, sun lafe da fata kamar an liƙa su da ƙaro.

Na kai wa guda mari da tafin hannu, marin da zai ragargaza ƙudan gida goma. Ina ɗaga hannu sai ga shi ya zame gefe da gudu, ya tashi, bai zame ko'ina ba sai cikin gemuna. Tsalle da kakkaɓar da na yi a tsakar gida ran nan, har yau uwargida tana ba baƙi labari.

Wani dattijo Buzu da ke gadin shagon maƙwabcina ya leƙo jin hayaniya. Da ya ga abin da ake ciki ya yi dariya ya ce: “Alhaji, wanga ƙuda ba a kashe shi da mari. Kama shi za ka yi ka tsinke mishi kai. Mu da muka tashi cikin raƙuma tare da shi muka girma.” Daga bakinsa na fara koyon abin da zan rubuta a nan, sauran kuma na tsinta wajen likitan dabbobi, da ɗan karance-karance, da ɓarnar da na yi da hannuna.

Ka fara gane shi tukuna

A gidana muna kiransa da sunan dabbar da muka same shi a jikinta: ƙudan raƙumi, ƙudan kare, ƙudan tantabara. Masana sun haɗa su dangi guda da suke kira Hippoboscidae, iri sama da 200, mafi yawansu a jikin tsuntsaye suke rayuwa, sauran a jikin dabbobi masu shayarwa. Waɗanda suka shafe mu a nan su ne Hippobosca camelina ta raƙumi, da Hippobosca variegata da ke bin shanu da dawaki, da Hippobosca longipennis ta kare, sai ta tantabara mai suna Pseudolynchia canariensis.

Jikinsa a baje yake, kamar an taka shi da takalmi ya ƙi mutuwa. Fatarsa tauri gare ta kamar ƙirgi, shi ya sa mari ba ya yi mishi komai. Ƙafafunsa shida a buɗe suke gefe-gefe, kowace da farce mai ƙugiya da yake maƙale gashi da shi. In ka kai hannu ba ya tashi nan take irin na ƙudan gida, sai ya yi gudu a kaikaice kamar ƙaguwa ya shige cikin gashi. In ya tashi ma ba ya nisa, zai zagayo ya sauka kan dabbar, ko a kanka. Na raƙumi ya fi sauran girma, ya kai santimita guda, na kare bai kai haka ba.

Da kaska ba za ka rikita shi ba in ka lura: babbar kaska ƙafa takwas gare ta, ba ta da fiffike, kuma in ta kafa baki tana nan kwana da kwanaki. Bobuwa kuma takan zo ta tsaga fata ta sha ta tafi, kuma macen ce kaɗai mai shan jini. Wannan kuwa mace da namiji duk jini ne abincinsu, kuma jikin dabbar nan ne gidansu, dare da rana. Suna shan kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Ba yawan jinin da suke kwashewa ke karya mai turka ba, hana sukuni ne. Bijimin da ya wuni yana harbin iska ba ya kwanciya ya yi tuƙa yadda ya kamata, kuma dusar da ka saya da tsada a bugun ƙasa take ƙarewa.

Abin da ya sa hannu ke iya cin ƙarfinsa

Nan ne gindin maganar. Ƙudan gida yana zuba ƙwai ɗari da wani abu a zama guda cikin juji, ko ka wuni kana kisa ba ka rage komai ba. Wannan kuwa ba ya yin ƙwai a waje sam. Macen tana riƙe ɗa guda tal a cikinta, tana ciyar da shi da wani ruwa mai kama da nono da jikinta ke yi, har tsutsar ta ƙosa. Sannan ta sauke ta. Da saukarta ba ta cin komai, ba ta yawo, fatarta ce ke ƙanƙamewa ta zama kwasfa. Farkonta fara-fara ce, cikin sa'o'i ta koma baƙa mai sheƙi. Ta shanu da ta raƙumi in ka gani za ka rantse irin kuɓewa ne ya zube. A cikin wannan kwasfa ƙudan ke ƙira, ya fasa ya fito bayan mako uku zuwa wata guda in da ɗumi, in sanyi ya kama ya ƙara jinkiri. Haka ƙudan tsando ma yake haihuwa, don dangin juna ne na kusa.

Mace guda, duk tsawon rayuwarta, ƴaƴan da za ta sauke a yatsun hannu da na ƙafa za ka ƙirga su. To ka ga duk macen da ka tsinke wa kai ka rage garken gaske. Kuma duk kwasfar da tsintsiya ta kwashe ƙuda guda ne ba zai fito ba. Ni a ganina mai dabba biyu zuwa goma a cikin gida, in ya riƙe kamu da shara, da wuya ya buƙaci kwalbar magani fiye da sau ɗaya ko biyu a shekara. Mai garke ɗari a daji lissafinsa daban ne.

Wani abin mamaki ya zo mini daga ɗan ƙanena da ke karatu a Faransa. Cikin watan Oktoba ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, ya ce: “Baba, ga ɗan'uwan ƙudanka na gemu.” Sun shiga daji yawo, da suka fito ya ji abu na tafiya cikin sumarsa, ya cafko shi. Siffar duk ɗaya, sai dai ƙarami ne kuma babu fiffike. Wannan shi ne Lipoptena cervi, ƙudan barewar Turai, irin barewar nan mai ƙaho kamar rassan itace. Yana nan a Turai da Saberiya da arewacin Sin, kuma an kai shi Amurka ta Arewa. Shi da fiffikensa yake fitowa daga kwasfa a ƙarshen bazararsu zuwa kaka, ya tashi neman dabba, da zarar ya sauka kan wani abu mai gashi da ɗumi sai ya karya fiffiken ya zubar. In barewa ce ya dace, zai zauna nan har ya mutu. In kan mutum ya faɗa ya yi asara, don ba ya iya hayayyafa a jikin ɗan Adam, amma kafin nan zai yi cizo, kuma ƙurjin da yake bari yakan yi makonni yana ƙaiƙayi, wasu har watanni. A Finland, inda ya shigo daga wajen Rasha tun wajajen 1960, an ƙirga sama da 10,000 a jikin dabba guda daga cikin manyan barewar dajinsu. Da na ji haka na gode Allah da ashirin ɗin bijimina. Namu na nan ba sa zubar da fiffike, shi ya sa suke tsallakawa daga dabba zuwa dabba, daga gida zuwa gida.

Akwai kuma na tumaki, Melophagus ovinus, wanda tun fitowarsa ba shi da fiffike, kuma macen a jikin ulu take liƙa ƴaƴanta. Shi tumaki masu ulu na ƙasashen sanyi yake so. Balami da uda namu gashi gare su gajere, ban taɓa samunsa a jikin ragona ba. Jar akuyar Maradi ma, duk da na duba nawa sau ba adadi don fatarta ita ce darajarta, ƙeya da kaska nake samu, ba wannan ba.

Kamu

Da sassafe ake yi, bayan an fito masallaci gari ya ɗan waye, musamman cikin hunturu. Sanyi yana kashe musu jiki, sai ka same su a dunƙule ba kuzari. In ka bari rana ta take, kana kai hannu za su watse.

Ka tanadi gwangwani ko ƙaramin bokiti, ka zuba ruwa rabi, ka kaɗa garin sabulu har ya yi kumfa. Ruwa zalla ba ya riƙe su, za su taso su kama gefe su fice, amma ruwan sabulu yana jiƙa su su nutse. Ku zama ku biyu. A ɗaure dabbar gajere a turke. In sa ne mai harbi ko jaki, a sa dabaibayi. Kai mai kamu ka tsaya a gefen cinya, jikinka manne da nata, kada ka tsaya daidai bayanta. Na biyun ya kama wutsiya ya ɗaga a hankali. Hula a kai, wuyan riga a rufe, mai gemu kuma ya ɗaura rawani ko ƙyalle. Na faɗa maka dalili.

Wuraren dubawa su ne inda fata ke da laushi kuma harshe da wutsiya ba sa kaiwa sosai: gindin wutsiya da kewayen dubura, tsakanin cinyoyi, hantsa ko maraina, mara, hammata. A raƙumi ka ƙara da ƙirji da ciki. A kare wuya ne da bayan kunne da hammatar gaba.

Ka tsoma hannunka cikin ruwan sabulun. Kada ka kai mari, kada ka kai cafka daga sama. Ɗora tafin hannu kan fata nesa kaɗan da inda suke, ka shafo a hankali kamar mai lallashin dabbar, har yatsunka su hau kansa, sannan ka danne. Jiƙaƙƙen hannu yana manne fiffikensa. Ka murza shi tsakanin babban yatsa da manuni har ka ji ka riƙe shi da kyau, ka tsoma hannun cikin gwangwani ka sake shi a ƙarƙashin kumfa. Dattijon nan shi da farce yake tsinke kan, tas, ya yar. Ni na fi son gwangwani saboda jini ba ya ɓata mini hannu, kuma a ƙarshe ina iya ƙirgawa. Abin da ba a yi shi ne a murza shi a jefar ƙasa ana zaton ya mutu. Zai kwanta shiru kamar gawa, kana juya baya ya miƙe.

In sun yi yawa wuri guda, jiƙa tsumma cikin ruwan sabulun ka kifa musu gaba ɗaya, ka danne, ka naɗe, ka nutsa tsumman cikin bokiti. Rabi za su tsere, ba komai, za su dawo kan dabbar kafin ka gama da ta gaba, sai ka sake zagayowa.

Ƙirgar tana da amfani. A bangon garkenmu yarona yana ja da gawayi. Ran farko a jikin bijimin nan mun kama 23, washegari 11, rana ta uku 6. Da mako ya zagayo sai mu duba mu samu ɗaya ko babu. Ƙirgar ce za ta gaya maka ko aikin hannu ya isa ko sai an sayo magani. In kwana bakwai kana kamu adadin bai sauka ba, daga wani wuri suke zuwa, ko dai ƙasan garkenka cike take da kwasfa, ko dabbar maƙwabci ce ke raba maka.

Shara

Macen irin namu ba a jikin dabba take barin ɗanta ba. Takan sauka ta ajiye shi a busasshiyar ƙasa mai inuwa: gindin bango, tsagar katanga, ƙarƙashin komin abinci, gindin bishiyar da dabbobi ke kwana, ramin da kare ya tona yake kwanciya. Ka durƙusa ka yaye ƙasar saman da hannu a irin wuraren nan. In ka ga baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi, matsa ɗaya da dutse, za ta fashe da ruwa-ruwa a ciki. Wadda ƙudan ya riga ya fita za ka gan ta fanko, an buɗe mata baki ta gefe guda kamar murfi.

Sau ɗaya a mako nake sa a share garken har a kankare ƙasar sama da fartanya, a ɗaga komi a share ƙarƙashinsa. Sharar gindin bango, wadda ta fi tara su, ƙone ta nake yi. Sauran takin a kai gona ko a zuba rami a binne, kada a tara shi a kusurwar garken ana jiran damina. Tsagar bango a cike ta da laka. Kaji da zabi ma ina barinsu su shiga su yi tono da rana, na sha ganin suna tsince abin da tsintsiya ta bari.

Masu tantabara, wannan sashen naku ne fiye da kowa. Ƙudan tantabara a cikin sheƙa da ƙasan akurki yake zubar da ƴaƴansa, kuma shi yana ɗauke da wata ƙwayar cutar jini mai suna Haemoproteus columbae, dangin ta zazzaɓin cizon sauro ce amma ta tsuntsaye. Manyan tantabaru sukan jure, ƴan shila ne ke shan wuya, ka ga sun rame sun ƙi girma. Ka ɗaga fiffike ka hura gashin, za ka ga ƙudan ya ruga ciki. Duk mako biyu a zazzage tukwanen ko akwatunan, a ƙone tsohuwar sheƙa da zarar ƴan shila sun tashi.

Magani, da kuskuren da na yi

Kafin in san duk wannan, karen gidanmu ya cika da su a wuya, yana ta susa har ya yi gyambo. Wani mai tallar magani a kasuwa ya miƙo mini ƴar kwalbar fiya-fiya ya ce in ɗiga cikin ruwa in yi mishi wanka. Na yi. Ƙudajen sun zube kam, amma kafin la'asar kare na dalalar da miyau, jiki na rawa, ya kasa tsayuwa. Garin gyaran gira na tashi rasa ido. Da ƙyar likitan dabbobi ya ceto shi da allura, kuma faɗan da ya yi mini na cancance shi. Fiya-fiya da maganin feshin wake ko na auduga ba na jikin dabba ba ne, komai ƙanƙantar abin da ka ɗiga. Dabba tana lasar jikinta, fatarta tana tsotsa, kuma yaranka suna shafa ta.

Abin da ke aiki kuma aka yi shi don dabbobi su ne magungunan da sunan sinadarinsu ke ƙarewa da “metirin”: deltametirin, sifametirin, fulumetirin. Akwai na zubawa a gadon baya, akwai na gaurayawa da ruwa a fesa. Ka saya a kantin maganin dabbobi, ba wanda ya wuni a rana kan tebur ba. Ka duba ranar lalacewa, ka duba hoton ko sunan dabbar da aka yarda a sa wa. In takardar da Faransanci ko Ingilishi take kuma ba ka karantawa, ka sa mai kantin ya karanta maka, ya nuna maka awon a jikin sirinji, ka ja layi da biro.

Na zubawa da nauyin dabba ake auna shi, a zuba siririn layi daga tozo har gindin wutsiya, kan busasshiyar fata. Na fesawa kuma ka tabbata ya kai inda suke zama, a ɗaga wutsiya, a fesa tsakanin cinyoyi da mara, don yawancin mutane baya kawai suke jiƙawa su tafi. Ka sa safar hannu ko leda, ka tsaya iska tana bayanka, kada ka ci goro ko ka sha taba sai ka wanke hannu. Da damina ka duba sama tukuna, in hadari ya haɗo ka bari sai gobe. Kuma duk dabbobin gidan ake yi wa rana guda, in ba haka ba su koma kan wadda aka bari.

Maganin ba ya ratsa kwasfar da ke cikin ƙasa. Shi ya sa mutum zai fesa, ya ga an yi tsaf, bayan mako uku ya ga sabbi ya ce maganin jabu ne. Ba lalle jabu ba ne, na cikin ƙasa ne suka fashe. Ka sake dubawa bayan mako uku zuwa huɗu, in sun dawo ka maimaita yadda takardar ta yarda.

Ga waɗanda ba a wasa da su. Amitaraz, maganin kaskar nan da ake yi wa shanu wanka da shi, guba ne ga doki, yana tsayar mishi da hanji har ya kai ga mutuwa, kuma jaki ma kada a gwada. Masu dawakin hawan salla da na sukuwa su riƙe wannan da kyau, don doki na cikin waɗanda ƙudan nan ya fi damu, kuma shi ne dabbar da mai ita ya fi saurin ɗauko duk kwalbar da ke kusa. Kyanwa kuma ba ta jure dangin metirin, musamman fametirin da ake sa wa karnuka, ko kwanciya ta yi jikin karen da aka shafa wa tana iya kamuwa. Kifi da ƙudan zuma su ma dangin metirin na kashe su, saboda haka ba a wanke bokitin feshi a Gulbi ko a tafkin Madarunfa ko bakin rijiya. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada wata ta ɗauka ta zuba man gyaɗa.

Saniyar tatsa da dabbar da za a yanka suna da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kowane magani, kuma sun bambanta daga wannan zuwa wancan. In salla ta matso ko mahauci ya riga ya yi ciniki, ni ba na sa komai, kamu da hannu nake komawa.

Mutanenmu suna son allura, an fi yarda da abin da aka soka. Allurar ibamektin tana da amfaninta a kan tsutsar ciki da ƙazuwa, kuma tana kashe na tumakin nan marar fiffike. Amma a kan masu tashi suna sauka ban ga ta biya kuɗinta ba, ba na saye don su.

In dabba ta rame

Kada ka ɗora wa ƙudan nan laifin da ba nasa ba. In ka raba dabba da shi amma tana ci gaba da ramewa, cikin fatar idonta ya yi fari, tana zazzaɓi ko hawaye, ko ƙasan haɓarta ya kumbura, to ka nemi likita ya duba sammore, ko ciwon hanta, ko tsutsar ciki, ko cutar da kaska ke sawa. Shi ma dai ba a wanke shi tas ba. A arewacin Kenya masu bincike sun nuna ƙudan raƙumi na iya ɗaukar wata ƙwayar cutar jini ta dangin Anaplasma daga raƙumi ya kai wa wata dabba, na kare kuma yana ɗauke da wata siririyar tsutsa da ke rayuwa a jikin karnuka. Inda ya ciza har dabba ta sosa ta yi rauni, a wanke da ruwan gishiri a shafa maganin gyambo, don kada ƙuda ya zuba tsutsa a ciki.

In kai ya ciza, zafin kamar tsinin allura ne, wani ma ba ya ji sai daga baya wurin ya tashi. Wanke da sabulu, ɗora tsumma mai sanyi, ka daure kada ka sosa. Ba ya zama a jikin mutum, in ka cire tufafi ka kakkaɓe ka taje kai da gemu an gama. In wurin ya kumbura ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti, kuma a nan garin duk zazzaɓi gwajin na cizon sauro ake fara yi.

Sabuwar dabba da maƙwabta

Tun daga kan bijimin nan, ba na biyan kuɗin dabba sai na ɗaga wutsiya, dillalai har sun san ni da haka, wani ya ce mini “Alhaji, sa kake saye ko wutsiya?” In na kawo ta gida kuma ba ta shiga garke ran nan. A ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro nake ɗaure ta kwana uku, ana dubawa safe da yamma. Haka in raƙuma masu kawo kanwa ko kara suka sauka kusa da mu, ko shanun da suka yi damina a arewa suka dawo, mako guda muna duba namu kullum.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne karen maƙwabcina na bayan gida, wanda ke tsallako katanga da dare ya kwana wajen namu. Sau biyu muna kakkaɓe garken ƙirga ta koma sifiri, sau biyu tana tashi. Na rasa yadda zan faɗa mishi ba tare da ya ji na ce gidansa da ƙazanta ba. A ƙarshe yarona na aika da gwangwanin ruwan sabulu, ya ce mishi: “Baba, Alhaji ya ce in zo in gwada wa su Ɗanlami wani wasa.” Yaran gidan suka taru, aka riƙe kare, aka yi gasar kamu, wanda ya fi yawa na ba shi dala ashirin. Sun ciro 17 ran nan. Yanzu duk Juma'a da safe su ke zuwa da kansu su tambaya ko akwai na kamawa, har na fara zargin suna barin biyu-uku a wuyan karen don kada kasuwa ta mutu.